Ɗakin Kawu

Tun la'asar aka ɗauke wuta a Agege.
Janareton Mama Bisi yana tari a bayan gida,
ni kuma ga ni kan tabarma, kwamfuta bisa gwiwa,
ina roƙon lissafin 'yan goro ya fito,
ya ƙi.

Ba ni na rubuta manhajar ba.
Kawu Lawandi ne, shekara sha huɗu baya,
lokacin idonsa na gani, hannunsa bai fara rawa ba.
Da tsohon harshe ya rubuta ta,
na biyu da ɗigo bakwai,
wanda yaran Yaba ke dariya in sun ji sunansa.

Sabon harshen ya dube ta sama da ƙasa,
ya tsaya a layi na sha tara da jan rubutu:
wai sai an sa wa kalma baka biyu
kafin a bar ta ta yi magana.
Na gyara nan, can ya ɓalle.
Huhu bakwai in aka raba wa mutum biyu,
tsohon harshe uku-uku yake bayarwa,
ɗaya ya rage a rumfa, a yi shawara.
Sabon kuwa wuƙa ya zaro:
uku da rabi.
Wa ya taɓa tsaga huhu a kasuwar nan?

Segun ya ce in rushe, in sake gini.
Shi ba ya bin kowa bashi.
Ni Alhaji Ɗanjummai na jira na ranar Alhamis,
da motar Shagamu, da littafinsa mai jan bango.

Sai na nemi lungu a cikin na'urar,
na ja masa danga, na yi masa ƙofa,
na raɗa masa suna ɗakin kawu.
Na shigo da tsohon harshen, na shimfiɗa masa.
Na kwaso kayan aikinsa ɗaya-ɗaya,
kowanne da lambar shekararsa,
na ɗaure su a turke kada wani ya girma da dare.
A waje na'ura na harkarta da sabon zamani,
a ciki ba a san an yi sauyi ba.
In na shiga, sunan ɗakin kan fito a farkon layi
kamar takalmi a bakin ƙofa:
akwai mutum ciki.

Na taɓa ganin irin wannan.
Iya Tabawa, ƙarshen tsakar gidanmu,
shekara sittin a Ikko,
har yau da sule da fam take ƙirga kuɗi.
A titi kwandasta na ihun Oshodi,
Yarbanci da buroka na gogayya a bakin famfo,
ita kuwa in ka ɗaga labulenta
Hausar da ta zo da ita a jirgin ƙasa
tana nan ba ta yi tsatsa ba.
Ba mu taɓa cewa ta sabunta ba.
Sallama muke yi, mu tuɓe takalmi.

Na danna.
Fanka ta yi nishi, allo ya yi shiru,
sai ga sunaye suna saukowa:
Ɗanjummai, huhu arba'in da biyu.
Mudi Gajere, bashin Rajab.
Uku, uku, saura ɗaya.

Na sani masu harshen sun daina yi masa yaɓe.
Wata damina rufin zai yi yoyo,
kuma ni ne zan kwashe kayan, layi bayan layi,
zuwa sabon gida mai yawan baka.
Bayan Sallah, na ce.
Bara ma haka na ce.

Janareto ya mutu. Batir saura kashi tara.
Na adana, na fito, na ja ƙofar a hankali.
Ta tagar Iya ana jin rediyo,
ana jin ta tana tambayar Bisi
kwano nawa ne yau, a sule.